Cletus, Wanda Guguwa Ta Yi Wa Rana

A ƙauyenmu na Ti Ravin, babu wanda babbar guguwa ta yi wa rana sai Cletus Laville. Mu sauran ta kwashe mana rufi, ta kwantar mana da ayaba, ta farfasa jiragen kamun kifi. Shi kuwa sana'a ta ba shi, abin da uwarsa da matarsa da Fadan cocinmu suka yi shekara da shekaru suna nema masa ba su samu ba.

Tare muka tashi da shi, kuma ni na riƙe 'yarsa Merlin ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa Kompe muke ce wa juna har yau. Don haka kada a ce ƙiyayya ce ta sa ni magana. Ina son mutumin. Sai dai na san shi.

Ba wai bai gwada aiki ba. Ya gwada kamun kifi, teku ta juya masa ciki, ya cika wa mutane jirgi da amai, suka dawo da shi tun rana ba ta yi zafi ba. Ya gwada noman ayaba, ya ce ganyen yana sa masa ƙaiƙayi. Ya haye tsibirin Gwadalup aikin gini, ya dawo tun ba a fara kewarsa ba, da hular kwano ruwan ɗorawa da wani Faransanci da yake fitarwa ta hanci. Daga nan ya samu wurin zama a kan bencin shagon Misye Octave, inda ake sayar da giyar rake ana buga domino. A nan fa Cletus ya ƙware. Idan ya buɗe baki zai gaya maka yadda ake tuƙa jirgin da bai taɓa shiga ba, da yadda ake gina gadar da bai taɓa gani ba, kuma sai ka ga kana gyaɗa kai kana zuba masa wani kofin.

Matarsa Eudora ce ke riƙe da gidan. Ma Cletus ake ce mata, kuma takan ce sunan nan shi ne kaɗai abin da mijin ya taɓa ba ta. Tana da gonar gwaza a kan tudu, tana soya kifi a bakin titi, ita ce kuma ke jinyar uwarsa, Ma Titine, tsohuwa mai jiki, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta amma bakinta bai daina komai ba.

Da rediyo ya fara sanarwa cewa guguwa ta taso kuma ta nufo tsibirinmu, kowa ya shiga buga ƙusa. Ƙarar guduma ce ko'ina. Masunta suna jan jiragensu tudu, mata suna cika tukwane da ruwa. Na je shagon Octave sayen kananzir, na tarar da Cletus da hular kwanonsa yana bayani. Sai ga Eudora ta tsaya a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Cletus, rufin gidanmu yana rawa tun iska ba ta zo ba. Ga ƙusa na saya, ga guduma na aro. Hannu kawai ya rage."

"Ke Eudora, kina ba ni kunya gaban mutane," in ji shi. "Guguwar nan arewa za ta yi. Kullum haka suke yi, su tsorata ku sannan su kauce. Ni da na yi aikin gini a Gwadalup, zan zauna a gidan da zai faɗi?"

"Rufin fa na ce, ba Gwadalup ba."

"Gwiwata ba ta yi ciwo ba. In da abin gaske ne, da tun jiya ta gaya mini."

"Gwiwar da ba ta taɓa aiki ba, ina za ta san abin da ke zuwa?"

Aka kwashe da dariya. Cletus ya buga domino a kan tebur da ƙarfi, ya ce mata ba su san yanayi ba. Ita da Merlin, wadda lokacin ta zama budurwa, suka hau suka buga abin da suka iya, suka ɗora duwatsu a kan sauran.

Washegari gari ya waye ba kukan tsuntsu ko ɗaya. Sama ta yi wani launi kamar tsohon ƙarfe, teku ta ja baya ta bar duwatsun da ban taɓa gani ba. An ba guguwar sunan mace a rediyo kamar yadda aka saba, amma mu a Ti Ravin ba ma kiran sunan. Madam muke ce mata.

Na kwashe iyalina muka tafi coci, don shi ne ginin dutse. A hanya na haɗu da Pa Nowel, tsohon masunci, yana gangarawa bakin teku da igiya a kafaɗa. Na ce, "Pa Nowel, ina kuma?" Ya ce zai ƙara wa jirginsa ɗauri ne, yanzu zai dawo. Matarsa tana bayansa tana kira, bai waiwayo ba.

Kafin hantsi Madam ta iso. Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. Ba busawa take yi ba, ihu take yi, ihun da ba ya tsayawa shan numfashi. Ta ramin taga na ga bishiyar kwakwa ta sunkuya har kanta ya taɓa ƙasa. Na ga kwanon rufi yana yawo a sama kamar takarda, ɗaya ya zo ya sare reshen mangwaro kamar da adda. Ruwa kuwa ba daga sama yake zuwa ba, daga gefe yake, kuma da gishiri. A cikin coci yara suna kuka ba a jin kukan, Fada yana addu'a ana ganin bakinsa kawai. Maza muka jingina benci a ƙofa muka danne da kafaɗa.

Muna nan sai muka ji ana dukan ƙofar daga ƙasa, wajen gwiwa. Da ƙyar muka buɗe kaɗan. Eudora ce a rarrafe, da Ma Titine a goye a bayanta, ta ɗaure ta da zanen gado. Merlin tana biye, riƙe da ƙafar kakarta. Damtsen Eudora a tsage yake tun daga kafaɗa, kwano ya yanke ta, ruwan sama yana wanke jinin yana sake fitowa.

Daga baya Merlin ta gaya mana yadda aka yi. Rufin ya tashi gaba ɗaya kamar an buɗe murfin tukunya. Bango ɗaya ya faɗo. Eudora ta goya surukarta, suka fito, iska ta kayar da su, sai ta ga tsayuwa ba za ta yiwu ba, ta rarrafa. Rafin da ke tsakanin gidansu da coci ya cika, ta haye shi riƙe da bututun ruwa, tsohuwa a baya tana zaginta wai ta manto mata da carbinta.

Muka tambaya, "Ina Cletus?"

Eudora ta ce, "Da iska ta fara, ya ce zai leƙa ya ga inda ta nufa." Wata mata ta yaga gefen siket ta ɗaure mata hannu.

Da la'asar abin ya lafa. Muka fito ba mu gane garinmu ba. Tudun da muka sani kore ya koma ruwan ƙasa, babu ganye ko ɗaya a kan bishiya, kana hango gidan kowa har cikin ɗakin kwanansa. Aka shiga kiran sunaye. Mutum biyu ba su amsa ba: Pa Nowel da Cletus.

Ni da Octave muka bi ta bayan shagonsa, inda akwai tsohon tanderun gasa burodi na dutse da aka daina amfani da shi tun mutuwar mahaifinsa. Sai muka ji kukan akuya daga ciki. Octave ya janye ƙarfen bakin tanderun. Akuya ta fara fitowa. Bayanta ƙafa, bayan ƙafa Cletus, baƙi ƙirin da toka tun daga gashi har yatsa, hular kwano a kai, kwalba a hammata, kuma kwalbar ta shagon Octave ce.

"Kompe," in ji shi, "akuyar nan na zo ceto."

"Uwarka fa?" na ce.

"Ai na san Eudora tana nan."

Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Pa Nowel kuwa muka neme shi a bakin teku har duhu, muka sake nema washegari da kwanakin da suka biyo. Mun samu guntun katakon jirginsa da igiyar. Shi ba a same shi ba.

Hanya ta yanke, gada ta tafi. Muka yi ta cin ayabar da ta faɗi da kwakwar da muka tsinta, muna tafasa ruwan rafi. Ana haka wata safiya jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin ƙwallo, da buhunan shinkafa da wata Baturiya 'yar jarida mai kyamara a wuya. Kowa yana wurin aiki a lokacin. Wasu suna sare itacen da ya tare hanya, wasu suna tsintar kwano suna miƙar da shi. Eudora tana kan tudu da hannu ɗaya tana tono abin da ya rage na gwaza. Mutum ɗaya ne a zaune a duk ƙauyen: Cletus, a kan matakalar gidansa mara rufi, da sauran tokar tanderu a fuska don ya ce ruwan rafi ya yi sanyi da wanka.

Baturiyar ta gan shi ta tsaya cak. Ni ina kusa ina jan reshe, na ji komai.

"Gidanka ne wannan?" ta tambaye shi a hankali.

Cletus ya dube ta, ya dubi kyamarar. Na ga lokacin da dabarar ta faɗo masa. Ya cire hular kwano ya rungume ta a ƙirji.

"Gidana ne, Madam. Da hannuna na gina shi."

Kakan Eudora ne ya gina gidan. Amma ya riga ya kama hanya. Ya gaya mata yadda ya riƙe rufin da igiya har tafin hannunsa ya sale, yadda ya goya tsohuwar uwarsa ya haye rafi da ita, ruwa har wuya. Ya nuna mata Ma Titine a kwance a kusurwa. Baturiyar ta tambayi tsohuwar ko gaskiya ne ɗanta ya cece ta. Ma Titine, wadda ba ta taɓa yarda surukarta ta iya ko dafa shayi ba, ta ce, "Ɗana namiji ne." Hawaye suka zubo wa Cletus suka yi layi biyu a cikin tokar. Kyamara ta yi ƙyas.

Hoton nan ya zaga duniya. 'Yan uwanmu da ke Ingila suka aiko da shi a yanke daga jarida. Ga Cletus, ido a sama, hula a ƙirji, bayansa sarari inda rufi ya kamata ya kasance.

Da aka gyara hanya baƙi suka fara zuwa: masu agaji, masu coci-coci, masu rubuce-rubuce, kowa da hoton a hannu yana tambayar gidan mutumin nan. Kuma labarin yana girma da kowane baƙo. Rafin da ya kai wuya ya koma ya shanye kansa. Uwa ɗaya ta zama uwa da 'ya, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa. Akuyar ma ta shigo, ya ce da haƙori ya jawo igiyarta.

Za a ce me ya sa ba mu tona shi ba. To, Ti Ravin ta lura da wani abu da wuri: motar agaji tana tsayawa ne inda Cletus ya yi kuka. Ƙauyen da ke gaba da mu sun fi mu asara, amma mutanensu in an tambaye su sai su ce, "Mun gode Allah, muna nan." Wannan ba ya cika mota. Mu kuwa muna da Cletus. Shinkafa ta zo, madara ta zo, barguna masu kauri na ƙasar sanyi suka zo, har da takalman dusar ƙanƙara da aka rasa yadda za a yi da su aka shuka barkono a ciki. In baƙi sun iso, shugaban ƙauye da kansa yake aikawa a kira shi. Octave ya yafe kwalbarsa. Mata suna dariya a bayan hannu, suna karɓar buhu.

Na taɓa tambayar Eudora abin bai dame ta ba. Tana wanke kifi, tabon hannunta ya yi jawur.

"Kompe, in ƙaryarsa za ta kawo kwano, ya yi ta yi. Karo na farko ke nan da bakinsa ya kawo wani abu gidan nan."

Kwanon ya zo kuwa. Gidan Cletus aka fara saukewa, sabo fil, yana ƙyalli, har da katako da ƙusa. Kowa ya yi wa gidansa rufi. Cletus ya tura nasa ƙarƙashin gado ya ja zane ya rufe, ya bar shuɗin tamfol ɗin da aka ba su tun farko yana kaɗawa a sama.

"Cletus, yaushe za a yi rufin?" in ji Eudora.

"Ke ba ki da tunani. Wa zai zo kallon gida mai rufi?"

"Uwarka tana tari. Ruwa yana ɗiga a kanta."

"Ki matsar da gadon mana. Akwai wasu baƙi daga Kanada wata mai zuwa. Su wuce tukuna."

Na Kanada suka wuce, na Jamus suka zo. Tamfol ya tsufa ya yage, aka ba shi sabo, ya ɓoye sabon ya bar tsohon don ya fi kyau a hoto. Eudora ta jera robobi da tukwane a ɗaki, in ana ruwa gidan kamar ana kiɗa. Ma Titine ta rasu a wannan daminar, da tari a ƙirji, a ƙarƙashin yagaggen tamfol, da sabon kwanon rufi a ƙarƙashin gadonta. A wurin jana'iza Cletus ya yi kukan da ya fi na kowa, ya ce guguwa ce ta biyo ta ta ɗauke. Eudora ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ita ta wanke ta, ita ta sa mata farar riga.

Da shekara ta zagayo aka shirya taron tunawa a harabar coci. Wani babban jami'i ya zo daga babban gari da baƙi Turawa, aka kafa rumfa, aka kawo lasifika. Ba sai an faɗa ba, Cletus ne mai jawabi. Ya sa kwat ɗin agaji da ta yi masa yawa, ya riƙe hular kwano. Ya ba da labarin igiya, ya ba da na rafi. Duk mun haddace, wasu ma suna motsa baki tare da shi. Amma ranar, ganin lasifika da manyan mutane, sai ya ji tsohon labarin ya yi masa kaɗan.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa ba," in ji shi, murya na rawa. "Bayan na ajiye uwata a coci, na koma cikin iska neman Pa Nowel. Na same shi a bakin teku, jirgi ya danne shi. Na ɗaga kansa na ɗora a cinyata. Ya dube ni ya ce, 'Cletus, ɗana, ka kula mini da ƙauyen nan.' A hannuna ya cika."

Wata Baturiya ta ciro hankici. Jami'in ya sunkuyar da kai.

Sai Ma Nowel, matar marigayin, ta miƙe daga layin baya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙin kaya a jikinta tun ranar. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Cletus."

"Na'am, Ma."

"Ka ce a hannunka ya cika?"

"Haka ne, Ma."

"To ina ka ajiye mini shi? Shekara guda kullum ina zuwa bakin teku ina dubawa. Ba ni da kabarin da zan kai fure. Tunda kai ka riƙe shi, nuna mini wurin. Mu tafi yanzu, ga ni da takalmina."

Cletus ya dubi shugaban ƙauye, shugaban ƙauye ya dubi takalminsa. Ya dube ni, na dubi rumfa.

"Teku ce... igiyar ruwa ta zo..." ya fara.

"Akuyata ce ta wuni da kai a tanderu," in ji Ma Nowel. "Ita ma ta fi ka kunya, ba ta taɓa ba kowa labari ba."

Wani ya fashe da dariya a baya, dariyar ta mutu nan take, don Ma Nowel ba wasa take yi ba. Ta juya ta fita, Eudora ta tashi ta kama hannunta suka tafi tare.

Kada a ɗauka baƙin sun gane. Jami'in ya karɓi lasifika ya ce baƙin ciki yakan ruɗa tsofaffi, a yi wa baiwar Allah uzuri, ya sa aka tafa wa Cletus. Suka ba shi takardar yabo a cikin gilashi, suka gayyace shi gidan rediyo a babban gari washegari.

Amma a ƙauye abin ya canza. Da yammacin ranar ya zo shagon Octave, ba wanda ya matsa masa a benci. Ya ce wa Octave ya zuba masa, Octave ya ce kwalba ta ƙare, alhali ga ta a gabansa.

Da safe motar da ya shiga na tashi, Eudora ta fito ta bi gida-gida. Ba ta roƙi kowa ba, cewa kawai take yi, "Yau za a yi rufi." Muka yi mata gayya. Maza muka jawo kwanon daga ƙarƙashin gado, mata suka dafa gwaza da kifi mai gishiri a babbar tukunya. Ban taɓa ganin an buga ƙusa da irin wannan zuciya ba. Kowa yana dukan kwanon kamar yana da abin da yake ramawa. Kafin rana ta faɗi an gama, Eudora ta yanka tsohon tamfol ta rufe akurkin kaji da shi.

Cletus ya sauko daga mota da fara'arsa, ya juyo kwana, ya tsaya. Ya daɗe yana kallon rufin yana ƙyalli.

"Wa ya yi mini wannan?" ya ce.

"Mu duka, Kompe," na ce daga kan tsani.

"Kun kashe ni. Wallahi kun kashe ni. Eudora, da hannunki kika rushe mini sana'a!"

"Shigo ka ci abinci," in ji ta. "Ka goge ƙafa, na share ɗaki."

Ya yi fushi na 'yan kwanaki, ba ya yi wa kowa magana, abin da ya zama hutu ga ƙauyen. Baƙi biyu ko uku suka zo, suka ga gida da rufi da fure a tukunya, suka duba hoton hannunsu, suka wuce gaba.

Sai dai mutum irin Cletus ba ya nutsewa. Da manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido suka dawo tsayawa a babban gari, ya samu wuri kusa da tashar jiragen, ya jingina hotonsa da takardar yabonsa, ya ajiye hular kwano a ƙasa baki sama. Yana nan shekara da shekaru. Ya cire Pa Nowel daga labarin, wannan kam na ba shi. Amma ya ƙara kifin shak mai cin mutane a cikin rafin. Yaran da aka haifa bayan Madam da yawa sun ɗauka haka aka yi, don waɗanda suka san gaskiya ba sa son maganar, shi kuwa ba ya gajiya da ita. Eudora ba ta taɓa ba da nata labarin ba. In an tambaye ta tabon hannunta, sai ta ce kwano ne, ta ci gaba da abin da take yi.

Bara wata guguwar ta taso, ta kauce mana, ta faɗa wa tsibirin da ke kudu da mu. Ta yi musu mummunar ɓarna. Mun tsufa yanzu, ni da shi, muna zaune a barandarsa muna sauraron rediyo, Eudora tana ɗaure gwaza da tsofaffin kaya a buhu don jirgin da zai kai musu taimako. Aka sa wani mutumin can yana ba da labarin yadda ya rungume bishiya tun safe har yamma da jariri a cikin rigarsa.

Cletus ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"Maƙaryaci," in ji shi. "Ji yadda yake jan murya. Ni fa in na ji ƙarya ina gane ta. Kuma guguwarsu ma wata guguwa ce? Iska ce kawai ta ɗan yi ƙarfi."

"Mutane sun mutu, Cletus," in ji Eudora.

"Ban ce ba su mutu ba. Amma duk 'yan jarida sun kwashe sun tafi can. Ko ɗaya bai tsaya ya tambayi wanda ya san abin ba."

Ya dubi teku. Can ya juyo gare ni, ya rage murya don kada matarsa ta ji.

"Kompe, kai da kake bin labarin yanayi. Bana fa, kana ganin akwai wadda za ta biyo ta nan?"

Na dubi fuskarsa, na kasa gane ko tsoro ne ko fata. Eudora ta ji sarai. Ta ƙulle bakin buhun, ta jawo shi ta ajiye a gaban ƙafarsa.

"Tashi ka kai wannan bakin titi," ta ce. "Mota ta kusa wucewa."

Ya dafa gwiwa ya ce tana masa ciwo. Ni na ɗauka.